An miƙa mana makullai, ba a ƙaro mutum ba

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, na kuma ga tsokanar da ka yi, wai mu ma'aikatan sashen lambuna da wuraren shaƙatawa ba mu da aiki sai zaman inuwa. Allah ya shirye ka. To bari ka ji labarin inuwar.

Watan jiya majalisar gari ta buɗe sabon filin wasan yara. Aka yanke ƙyalle, aka ɗauki hotuna, kowa ya kama gabansa. Washegari aka miƙo mana makullai, amma ko mutum ɗaya ba a ƙaro mana ba. Ka san kuɗin gini sau ɗaya ake fitarwa, ga abin nuna wa jama'a. Albashi kuwa duk wata ne, shi ya sa da an ambace shi a zaman kasafi sai fuskoki su ɗaure.

A babban birni kowa da fanninsa. A ƙaramin gari, wanda ya yanki ciyawa da safe shi zai gyara famfo da rana, da yamma kuma ya riƙe usur a filin ƙwallo. Ran da ya kwanta ciwo, ayyuka uku sun tsaya ke nan.

Inda gizo ke saƙar shi ne wurin ninƙaya. Ba kowane gwanin ruwa ake ɗorawa a kujerar mai ceto ba, sai wanda ya yi horo ya karɓi takardar shaida. Ana so idonsa ya zagaye ɓangarensa cikin daƙiƙa 10, ya kai ga wanda ruwa ke ci cikin daƙiƙa 20, ya kuma iya farfaɗo da mutum: danna ƙirji 30, hura numfashi 2. Yaron da ke nutsewa yawanci ba ya ihu, shiru yake tafiya, don haka dole a riƙa canjin masu gadi kafin ido ya gaji. Mutum ɗaya ba zai wadatar ba ko da ruwan ɗan ƙarami ne. Galibinsu kuma ɗalibai ne masu aikin hutu, da an koma makaranta sai mu wayi gari ba kowa. Bara sai da muka rufe wurin ana tsakiyar zafi. Ni iyaye suka tare a bakin ƙofa, ni na sha faɗan, alhali ba ni ke ɗaukar ma'aikata ba.

Shekaranjiya ina zagaye na tsaya gaban wani lilo. Ƙugiyar da ke riƙe sarƙar ta cinye, saura ɗan siriri kamar zare, ga wata yarinya tana jira in matsa ta hau. Na cire kujerar na tafi da ita ofis, ina jin kukanta a bayana. Irin wannan sai mai ido, wanda ya san cewa tazarar santimita 9 zuwa 23 tsakanin ƙarafa na iya barin jikin yaro ya wuce kansa ya maƙale. Ma'aikacin wata uku bai kai ga sanin haka ba zai tafi.

Masu aikin sa kai suna ƙoƙari, ba na raina su. Sukan zo dashen itatuwa da yawansu. Amma dashe yana son ban ruwa shekara 2 zuwa 3 kafin saiwa ta kama, kuma a nan ne ake neman su a rasa.

Na rubuta wa majalisa cewa a ba mu ma'aikatan dindindin 2, ɗaya mai gyara da duba kayan wasa, ɗaya mai kula da ruwa da horar da masu ceto, sun fi mana 'yan wucin gadi 10. Mako mai zuwa za a zauna. Ƙugiyar nan tana aljihun teburina, da ita zan shiga in ajiye musu a gaba.

Ka sa mu a addu'a. A gaida mai ɗakinka da yara.

Naka,
Amininka