Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Bana

Assalamu alaikum ƴan uwa.

Tarurrukan wata sun gudana, ban da na lokacin shuka.

Na san ana ta tambayar inda aka kwana kan gwajin kulova mai jan fure, wata ciyawa dangin wake da ake shukawa don gyara ƙasa, wadda masana ke kira Trifolium incarnatum. Ba mu kai shi ƙarshe ba, kuma ba sakacin kwamiti ba ne. Ciyawar nan asalinta kudancin Turai, manoman kudu maso gabashin Amurka kuma suna shuka ta da kaka, ta rufe gona duk lokacin sanyi, sannan a birkice ta cikin ƙasa kafin shukar masara ko auduga. Ba ta jure zafi. A nan Maradi sai cikin ɗari, a garka, da ban ruwa. Mun so mu shuka a Nuwamba, amma asusu babu kuɗin man injin ruwa, har aka shiga Janairu. Ga shi tana buƙatar ƙwayoyin bakteriya nata na musamman a saiwa, masu taimaka mata samun abinci, ba irin na wake ba, kuma ba mu samu ba. Zafin Maris ya riske ta ko fure ba ta yi ba.

Alhamdu lillahi, ranar ziyarar gonar gwaji ta share mana hawaye. Irin wake TN5-78 na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasar Nijar, muka sa, layi 4 na wake, layi 2 na hatsi. Jama'a sun zo har daga Tibiri da Jiratawa, mata sun kawo fura, inuwar gawo ta yi mana kaɗan. Aka tumɓuke wake ɗaya, aka fasa ƙurajen saiwarsa da farce, cikinsu ja, alamar suna ɗebo azot, sinadarin taki da ke ciyar da shuka, daga iska suna ba shuka. Wani dattijo ya riƙe saiwar nan ya ƙi saki, ya ce shekara da shekaru yana ɗauka ciwo ne. Harawa kuwa tun ba a yanke ba masu kiwo suka fara taya ta.

Sai maganar kuɗin wata. Ko rabinmu ba su biya ba. Na bi gida gida, na yi kira har na ji kunya. Wasu ba a ganinsu sai ranar rabon iri, alhali mutanen da suka yi noman gonar su ne dai suka biya.

Idan muna son sake gwada kulovar, dole kuɗin mai su shigo kafin ƙarshen Oktoba. Littafin asusu yana wurin ma'aji ga mai son dubawa.

Sakataren ƙungiya