Yawan takardu ba shi ne tasirin masani ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ina da magana kan yadda ake yabon masana yanzu, daga an tashi sai ka ji wane ya wallafa takardu ɗari kaza, wasu masana sun ambace shi a takardunsu sau dubu kaza, shi ke nan an gama, ba mai tambayar me ke cikin takardun.

Ga Daniel Pauly na Jami'ar British Columbia a Kanada, masanin kifaye da rayuwar teku. Mutumin nan ya yi rubutu kamar ba gobe, amma abin da ya fi girgiza abokan aikinsa shafi ɗaya ne tak da ya fitar a 1995. Cewa ya yi kowane masani yakan ɗauki yawan kifin da ya tarar farkon shigarsa aiki a matsayin yadda teku take tun asali, na bayansa ma haka, kifi na ta ƙarewa ba wanda ya lura tunda kowa daga inda ya tarar yake fara lissafi. Shafi ɗaya fa!

Sai kuma 2016, shi da Dirk Zeller suka sake lissafin kifin da aka kama a duniya daga 1950 zuwa 2010, suka sa na ƙananan masunta da wanda manyan jirage ke zubarwa a ruwa, waɗanda galibi ƙasashe ba sa kai wa hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, rahotonsu. Alkaluman hukuma sun ce kamun ya kai ƙololuwa a 1996 da tan miliyan 86, su kuwa suka samu miliyan 130. Wannan gibin ai ba na wasa ba ne, kuma masuntan da ba a ƙirga su ba wa zai tuna da su ranar tsara doka?

Ba wai kowa ya yarda da Pauly ba. Ray Hilborn na Jami'ar Washington ya daɗe yana ja da shi, yana cewa yawan kamu ba ya nuna yawan kifin da ya rage a ruwa, kuma gaskiya maganarsa abin dubawa ce. Su ma masu sukar ai ambatonsa suke yi, kwamfuta tana ƙirgawa, ba ruwanta da yabo ne ko suka.

Saboda haka Malam Edita, in wakilanku za su kawo labarin wani farfesa, su taimaka su faɗa mana abin da ya gano da kuma wanda ya musanta shi.

Na gode,
Mai karanta jaridarku