Barka da Sallah daga tsaunukan Chiapas

Assalamu alaikum Yaya,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Lokacin da kuka sauko daga Idi ni ina tsakar barci, don kun riga mu da awa bakwai, yanzu kuwa da nake wannan rubutu na san har an soya kayan ciki an kai wa maƙwabta. Ka zaunar da Inna ka karanta mata a hankali, kada ka tsallake komai kamar yadda ka saba.

Bana ban yi Sallah ni kaɗai a ɗaki ba. Tun jajibiri na rufe shago a Tuxtla, babban birnin jihar Chiapas a nan Meksiko, na hau mota zuwa San Cristóbal de las Casas, tafiyar awa ɗaya ce amma duk hawa, daga zafi irin na Bauchi a watan Afrilu ka tsinci kanka a kan tsauni mai tsayin sama da mita 2,000, hazo na shiga maka hanci. Babbar rigar da Inna ta aiko mini bara a kan rigar sanyi na ɗora ta.

Waɗanda na yi Idi da su za su ba ka mamaki. 'Yan asalin ƙasar ne, ƙabilar Tsotsil, jikokin mutanen Maya da ke nan tun kafin Turawan Sifen su ci Meksiko da yaƙi a 1521. Akasarinsu asalin garin San Juan Chamula ne, kusa da nan. Tun a shekarun 1970 masu riƙe da garin suka riƙa korar duk wanda ya bar addinin gado ya bi sababbin coci-coci, dubban mutane suka sauko suka kafa unguwanni a gefen San Cristóbal. Bayan tawayen Zapatista na ranar 1 ga Janairun 1994, wanda talakawan ƙauyukan nan suka yi a kan gona da wulaƙanci, wasu Musulmi daga Sifen suka zo da niyyar yi wa 'yan tawayen wa'azi. Ba su samu shiga a can ba, sai Allah ya haɗa su da waɗannan korarru. Yanzu Musulminsu 'yan ɗaruruwa ne, da masallatansu, da yara masu haddar Amma.

Liman ya yi huɗuba da Larabci, ya maimaita da Sifaniyanci, sannan wani saurayi ya tashi ya juya ta zuwa yarensu saboda tsofaffi. Sai a lokacin na ga matan da ke baya sun fara gyaɗa kai. Sanye suke da baƙin zane mai kauri na gashin tumaki, gashin a tsaye kamar buzu, da mayafi a kansu.

Zancen tumakin nan ma abin dariya ne. Na tambayi abokina kafinta, wanda ya saukar da ni a gidansa, ina ake sayar da raguna. Ya yi murmushi ya ce a al'adar Chamula ba a yanka tunkiya, ba a cin namanta. Gashinta kawai ake aska a saƙa, a bar ta ta tsufa ta mutu da kanta. Shi ya musulunta ya san hukuncin layya sarai, amma ya ce mahaifiyarsa har gobe ba ta iya kallon an kayar da rago. Muka haɗu mu bakwai muka sayi sa. Ni na yi fiɗa, suna tsaye suna kallo, ashe wahalar da Kawu ya ba mu a mahauta muna yara ba ta tafi a banza ba.

Yaren nasu shi ne abin da ya tsaya mini a rai. Mu da Turawa muke ce masa Tsotsil, su kuwa bats'i k'op suke kiransa, wato magana ta gaskiya. Da abokina ya faɗi sunan sai na maimaita, ya ajiye wuƙarsa ya ce in sake. Na sake. Ya kira matarsa ya ce ta zo ta ji. Ka san me ya faru? Wannan k' ɗin tasu ita ce ƙ tamu ta ƙasa da ƙofa, ts' ɗin kuma ita ce ta tsuntsu da tsamiya. Masu jin Sifaniyanci sai su yi shekara ashirin a garin ba su iya fitar da su daga maƙogwaro ba, ni kuwa da su aka yaye ni. Na ce musu su ce ƙoƙo, suka faɗa tiryan-tiryan, har tsohuwar ma. Daga nan aka mayar da ni abin wasa, kowane yaro ya kawo kalma mai wuya ya ga ko zan faɗi. Na samu kolaval, na gode ke nan, da ixim masara, da vaj, wainar masarar da ba sa cin abinci sai da ita. Lissafinsu da ashirin-ashirin yake tafiya, arba'in su ce cha'vinik, mutum biyu, tunda yatsun hannu da na ƙafa na mutum guda ashirin ne.

Ki ji wannan, Inna. Masarar da muka laƙaba wa sunan Masar, a ƙasar nan aka fara nomanta shekaru kusan 9,000 da suka wuce. Tafasa ta suke yi da farar ƙasa har dusar ta saɓule kafin a niƙa, kuma suna da wani abin sha, pozol, ƙullun masara ne a dunƙule a dama da ruwa a ƙwarya, manomi ya tafi da shi gona. Fura ce ba nono. Tumatir ma sunansa daga tomatl ya taso, kalmar yaren Nahuatl, ya bi bakin Turawa ya iso kasuwar Muda Lawal.

A takarda yarukan nan suna da gata. Gwamnati ta amince da 68, kuma tun 2003 akwai dokar da ta ce su ma harsunan ƙasa ne daidai da Sifaniyanci, har da hukumar kula da su mai suna INALI. Ƙidayar 2020 ta samu mutum sama da miliyan 7 masu jin ɗaya daga cikinsu, wajen kashi 6 cikin ɗari na jama'a. Nahuatl ne kan gaba da fiye da miliyan ɗaya da rabi, Tsotsil na da wajen 550,000. To amma doka daban, aiki da ita daban. Abokina ya ce da ya kai mahaifiyarsa asibiti ba a samu ko mutum ɗaya a cikin ma'aikata da zai ji inda ke mata ciwo ba, sai jikarta 'yar shekara tara ce ta tsaya tafinta a kan abin da bai kamata yarinya ta ji ba. Tsofaffi kuma suna ba da labarin zamanin da ɗan ƙauye ba ya taka dakalin gefen titi a San Cristóbal, sai ya sauka ya ba kaxlan hanya. Haka suke kiran wanda ba nasu ba, mai Sifaniyanci. Abin haushi, garin sunan wani limamin Kirista yake ɗauke da shi, Bartolomé de las Casas, wanda ya yi suna wajen kare 'yan asalin ƙasar. Shi ne kuma ya taɓa ba da shawarar a kawo bayi daga Afirka a madadinsu, daga baya ya yi nadama. Da na ji haka na rasa ko in yaba masa ko in yi tsaki.

Da daddare muna gashin nama na lura da ƙaramin ɗan abokina. Kakarsa ta yi masa magana da yarensu, ya amsa da Sifaniyanci. Ta sake, ya sake. Yana jin duk abin da ta ce, bakinsa ne ya ƙi. Uban ya kawar da kai ya ce a makaranta dariya ake musu.

Yaya, wallahi Kaka na tuna. Ka tuna yadda take mana magana da Warjanci mu amsa da Hausa, har mu riƙa kwaikwayonta muna dariya in ta juya baya? Na zo nan ina jin haushin kaxlan, sai na ga a gidanmu mu ne kaxlan ɗin. Ba wanda ya kore mu daga dakali, ba wanda ya doke mu, kasuwa da makarantar allo da rediyo ne suka yi aikinsu, mu kuma muka ji kunyar a ce mana 'yan ƙauye. Da abokina ya tambaye ni yadda ake cewa na gode da yaren kakata, shiru na yi. Na ce masa na manta, alhali ban taɓa sani ba.

Saboda haka ga roƙona. Gwaggo ce kaɗai ta rage a cikinmu mai jin yaren sosai. In kun je gaishe ta gobe, ka sa Auta ya kunna wayarsa ya ɗauki muryarta: gaisuwa, lissafi daga ɗaya zuwa ashirin, sunayen hatsi, da waƙar niƙan nan da Kaka ke yi. Za ta ce me za a yi da shi, ka ce ɗanta na Meksiko ne ya roƙa, akwai wata tsohuwa a nan da ta ce sai ta ji. Ku turo ta WhatsApp ko da guntu-guntu ne.

Kuɗin da na aiko ranar Litinin, a cire wa Gwaggo na goro, a ba yara barka da Sallah, sauran na maganin Inna ne, kada a taɓa shi da sunan gyaran katanga. A gaida Kawu, a ce masa fatar san ta fita ba huji ko ɗaya. In an samu mai zuwa, yajin ƙuli nake so. Barkono kam a nan gidansa ne.

Wassalam,
Ƙaninka