Gidan nasa ne, amma kuɗin rufin fa? Amsa ga Malamar da ta kira daga Tudun Jukun

Assalamu alaikum Malama.

Ranar Asabar da aka gayyace ni shirin rediyo kan zaman aure, ke ce kika kira ƙarshe, saura minti biyu a rufe. Kika ce maigidanki ya mallaki gidansa tun kafin ya aure ki, ciki da falo ne da guntuwar katanga. Cikin shekara 17 kika zuba kwasar adashi uku, kika sayar da sarƙar gwal ɗinki, aka ƙara ɗakuna biyu, aka yi rufi, aka haƙa rijiya. Yanzu ya miƙo miki takardar saki, kina tambaya ko kina da rabin gidan. Na ce miki "a'a, amma", sai aka katse ni don lokacin labarai ya yi. Wannan "amma" ɗin ce ta hana ni sukuni.

A'ar tana nan daram. Aure a Musulunci ba ya cakuɗa dukiya. Abin da ya shigo da shi nasa ne, sadakinki da kayan ɗakinki da albashinki naki ne, ko kwabo ba shi da iko a kai sai da yardarki. Zancen rabi da rabi da ake yaɗawa a waya kuwa, ko a Amurka jihohi tara ne ke da wannan tsari, irin su Kalifoniya. Su ɗin ma gidan da mutum ya mallaka kafin aure nasa suke bar masa, abin da aka zuba a ciki bayan aure shi ake lissafawa. A ƙasarmu, dokar 1970 da ta ba babbar kotu ikon daidaita dukiya tsakanin ma'aurata ta masu auren rajista ce. Naki a zaure aka ɗaura shi da goro da alewa, kotun shari'a ce mai hurumi.

To, ga "amma". Gida nasa ne, kuɗin da kika zuba kuwa ba ƙasa ta haɗiye su ba. Abin da alƙali zai fara tambayarki shi ne: ranar da kika miƙa kuɗin, da sunan me kika miƙa? In aro ne, bashi ne a wuyansa, saki ba ya goge shi, mutuwa ma ba ta goge shi, don Suratun Nisa'i ta sa biyan bashi gaba da rabon gado. In kuwa kun yi da shi cewa ɗakunan naki ne, ko za ki zama mai kaso a gidan, sai a kira masu ƙiyasi su kimanta ginin. Inda gizo ke saƙar shi ne ya ce kyauta kika ba shi. Kyautar da aka miƙa aka karɓa ba ta komawa cikin sauƙi, kuma na rantse miki wannan kalmar ce za ta fara fita daga bakinsa.

Shekarun da na yi ina riƙe da rajistar kotu, ban taɓa jin macen da ta ce wa mijinta "rubuta mini" tana amarya ba. Kunya ce, da tsoron kar dangin miji su ce ta cika son abin duniya. Alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba ta cire miji ba.

Rashin takarda bai kashe maganarki ba. Hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, in magana ta dukiya ce, shaida namiji ɗaya da rantsuwarki sun isa a yi hukunci, haka ma mata biyu da rantsuwarki. Na tuna wata baiwar Allah da ta zo da littafin adashi a ƙulle cikin leda, bangonsa duk manja, kowane zubi da alamar biro. Littafin ya nuna ta kwashi kuɗi, amma bai nuna inda suka tafi ba. Wanda ya fitar da ita kafinta ne, wani dattijo da ya ce a gabansa ta ƙirga kuɗin bandir shida na kwano, maigidan yana cewa in ya sayar da masara zai mayar mata. "Zan mayar" ɗin nan ita ta raba gardama. Don haka kar ki tsaya kan wanda ya san kina da kuɗi. Nemo wanda ya ji abin da aka faɗa lokacin miƙawa.

Ki kuma bincika sunan wa ke jikin takardar gidan. A Zariya, musamman cikin ganuwa, mutum zai ce "gidana" alhali gidan gado ne da ba a raba ba, 'yan'uwa goma na da haƙƙi a ciki. In haka ne, ki manta da zancen kaso a bulo, ki bi kuɗinki a wuyansa shi kaɗai.

Akwai abin da ban faɗa a rediyo ba, kuma ra'ayina ne, ba hukunci ba. Matar da ta ciyar da gida da kuɗin ƙosai don miji ya samu sukunin sayen siminti, ita ba ta da rasit ko ɗaya, kuma a yadda muke tafiya da gyale kawai take fita. Maroko 'yan Malikiyya ne kamarmu. Dokar iyalinsu ta 2004, sashe na 49, ta bar kowa da dukiyarsa, amma ta ba ma'aurata damar rubuta yarjejeniya daban kan abin da za su tara, in ba su rubuta ba alƙali ya duba wahalar da kowa ya sha. Ina ganin malamanmu na Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo a nan Zariya sun isa su zauna kan wannan.

Kafin nan, in iddarki ba ta cika ba, kar ki bari a fitar da ke. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana, kuma a mazhabarmu ko saki uku ne kina da wurin zama har ki gama. Ki sa waliyyinki ya fara zama da nasa, a gaban mai unguwa ko limami, a rubuta duk abin da maigidan ya amsa da bakinsa a sa hannu. Mutane da yawa sun fi faɗin gaskiya a zaure, kafin a kai su gaban alƙali zuciya ta bushe.

Maginin da ya ɗora ɗakunan nan biyu, da mai shagon da kika sayar wa sarƙar, ki aika ƙaninki ya nemo su cikin satin nan, ya karɓo lambobinsu. Damina na ƙarewa magina kan watse neman aiki Abuja.

Wassalam.

Tsohon magatakardan kotu,
Ƙofar Kuyambana, Zariya.