Takardar Koke Kan Badalar Kano Zuwa Ga Mai Martaba Sarki

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Kano,
Ta hannun Mai Girma Hakimi da masu unguwanninmu.

Assalamu alaikum. Allah ya taimaki Sarki, Allah ya ja zamanin Takawa.

Bayan gaisuwa da ban girma, mu ne talakawanka mazauna gindin badala daga Ƙofar Na'isa zuwa Ƙofar Gadon Ƙaya, dattawa da magina da samari. Kukanmu a kan ganuwar nan ne da Sarki Gijimasu ya aza harsashinta, Sarki Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta, yau kuma take narkewa a kan idonmu kamar gishiri a ruwa.

Ranka ya daɗe, tushen maganar tun zamanin Turawa yake. A 1943 gwamnatin mulkin mallaka ta naɗa wani malamin zane, Kenneth Murray, ya zama mai kula da kayan tarihin Najeriya, daga nan Sashen Kayan Tarihi ya samo asali. Abokin aikinsa Bernard Fagg, wanda ya yi fice kan gumakan Nok, shi ya buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. A 1953 aka yi dokar kayan tarihi da hukumarta, kuma a ƙarƙashin wannan doka badala da Gidan Makama suka shiga jerin abubuwan da gwamnati ke karewa. A 1979 aka miƙa aikin ga hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da muke da ita yanzu. Ba mu raina wannan ƙoƙari ba. Ba don shi ba, da wataƙila ko abin da ya rage ɗin ba mu tarar ba.

Sai dai dokar ta zo da wani abu da ba a yi zato ba. A da badala ta mutanen gari ce. Kakanninmu sun ba mu labarin yadda ake kiran gayya, kowace unguwa ta fito, wasu na kwaɓa ƙasa, wasu na mulmula tubali, magina na sama suna cafewa, Sarkin Gini na duba aiki. Da aka rubuta ta a takarda ta zama "kayan gwamnati", sai talaka ya naɗe hannu. Mai son gyara yana tsoro, don doka ta hana taɓa ginin sai da izini. Mai ɓarna kuwa ba ya neman izinin kowa.

A daminar da ta wuce wani sashe da ke bayan gidajenmu ya tsage daga sama har ƙasa, tsagar da yaro kan zura hannunsa har kafaɗa. Maginanmu sun ce amalanke biyar na jar ƙasa da aikin kwana biyu sun isa. Muka tsaya jiran wanda zai ce mana bismillah, ruwan Agusta bai jira ba, sashen ya zube cikin dare. Kafin sati wasu sun kwashe ƙasar sun yi ciko da ita, wurin ya koma bola. Abin takaici, wanda ya je Jos zai tarar da kwaikwayon badalar Kano a filin gidan tarihi, an gina don baƙi su gani, ta ainihin kuwa ga yadda take.

Don haka muke roƙon Mai Martaba ya sa baki. A zauna da hukumar da ta gaji wancan sashe na Turawa, a samo mana izini tabbatacce na yin yaɓe da toshe tsaga kowace shekara kafin ruwa ya sauka, ƙarƙashin Sarkin Gini, jami'in hukumar na tsaye yana gani. Ƙasa da ƙarfi namu ne, ba mu nemi kwabo ba. Muna kuma roƙo a fito da iyakar badala a fili, a kafa alama, domin mai unguwa ya san inda zai tsayar da mai haƙa ko mai kafa shago. Sarakunan ƙofa ma a ƙarfafa musu gwiwa, su riƙa kai rahoto fada.

Akwai wasu tsagogi biyu da muke gani yanzu haka, kuma maginanmu sun ce ba za su kai ƙarshen damina mai zuwa ba. A shirye muke mu zagaya da duk wanda Sarki ya turo.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara, amin.

Mu ne masu biyayya,
Dattawa, magina da matasan unguwannin gindin badala, Birnin Kano.