A daina raina kifi shawa, amma a bi shi da hankali

Assalamu alaikum Malam Edita,

Dan Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana da masu girki ƴan uwana, musamman mu nan Kano, a kan kifi shawa. Kowa ya san shi a wajen masu kifin ƙanƙara, a Sabon Gari ne ko bakin titin unguwa, shi ne wanda ake nunawa in kuɗin titus bai kai ba, kuma da ka ce shawa sai a ce maka ai ƙaya ta yi masa yawa, a soya a jefa a miya shikenan. Ni wallahi abin yana damuna, don wannan kifin da muke yi wa kallon na talaka shi ne ake shigo mana da shi daga ruwan sanyi na can Turai, wajajen Norway da Holan, kuma a can abincin ranar biki ne. Mutanen Suwidin ba sa bikin Kirsimeti ko na tsakiyar bazararsu ba shi a tebur, ƴan Foland da Jamus kuma suna haɗa shi da kirim mai tsami da albasa da tuffa a ci da sanyinsa a matsayin taɓa-ka-lashe kafin babban abinci ya iso.

Yadda suke yi ba wani abu ne mai wahala ba. Ana feɗe kifin a cire ƙashin tsakiya, a binne tsokar a gishiri, daga baya a jiƙa ta a ruwa gishirin ya ragu, sai a tafasa ruwan khal da suga da ruwa a bar shi ya huce, a zuba a kwalba tare da kifin da yankakkiyar albasa da masoro da ɗan kanumfari, a rufe a sa a firij ya yi kwanaki. Tsamin khal ɗin nan shi ke laushe ƙananan ƙayoyin da muke gudu har ba ka jin su a baki, kun ga ke nan ƙorafinmu a kan shawa ya sami magani. Ranar da za a ci sai a tsame a yanka ƙanana a juya a cikin kirim. Mu kuma nan ba sai mun je neman kirim ɗin kanti mai tsada ba, ga kindirmo, a zuba shi a ƙyalle mai tsafta ruwan ya tsane ya yi kauri, a sa cokali ɗaya na bama in ana so, da lawashi, da tuffa mai ɗan tsami, a ci da dafaffen dankalin turawa ko gurasa.

To amma ga inda nake so a saurare ni da kyau, don shi ya sa na rubuto. A irin nasu kifin ɗanye ne, wuta ba ta taɓa shi, kuma khal da gishiri kaɗai ba su isa su kashe wata tsutsa da ake samu a kifin teku ba, wadda likitoci ke kira anisakis, tana shiga bangon ciki ta sa ciwo mai tsanani da amai. A Holan sai da mutane suka yi ta kwanciya a kanta kafin a 1968 a kafa doka cewa dole a daskarar da kifin kafin a ci shi ɗanye, yanzu ƙa'idar Turai ita ce sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na aƙalla awa 24. Za a ce ai namu ma a daskare yake zuwa, gaskiya ne, amma wa ya san sau nawa ya narke aka sake daskarar da shi tun daga tashar ruwa ta Legas har ya iso kan teburin mai kifi yana shan rana? Ga wutarmu a kawo a ɗauke, ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, ga madara a ciki kuma, alhali abin yana son ya zauna a sanyin da bai wuce digiri 4 ba dare da rana. Ƴan matanmu suna gani a waya suna kwaikwayo yadda aka nuna sak, ba wanda ya gaya musu wannan.

Shawarata ita ce a turara tsokar kifin tukuna na ƴan mintuna har ta dahu amma kar ta farfashe, ta huce, sannan a zuba mata ruwan khal ɗin ta kwana ɗaya a firij. Ɗanɗanon ba zai zama irin nasu daidai ba, naman zai fi laushi, amma tsamin da zaƙin da ƙamshin albasar duk suna nan kuma hankalinka a kwance. Kindirmon kar a haɗa sai za a kai tebur, a yi daidai wanda za a cinye, abin da ya rage ya jima a waje a zubar kar a ji asara. Wanda firij ɗinsa ba ya riƙe sanyi ya haƙura, masu juna biyu kuma da ƙananan yara su tsaya a dafaffen kawai.

Malam Edita ina roƙon masu shafin girke-girke na jaridar nan, duk ranar da za su kawo mana abincin wata ƙasa su riƙa faɗin yadda za a adana shi a yanayinmu, ba jerin kayan haɗi kawai ba.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai karatunku,
daga Gwammaja, Kano