Roƙo ga shirin wasanni: ku ba mu labarin Yeo Seo-jeong

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan ma'aikatan gidan rediyonku suna lafiya, roƙo ne ya kawo ni game da shirin wasanni. Ƙwallon ƙafa ta cinye filin kakaf, in kuma gasar Olamfik ta zagayo sai a karanto mana sunan wanda ya ci zinare a wuce. Ina son ku ware lokaci ku ba masu sauraro labarin wata 'yar Koriya ta Kudu mai wasan alkafura, Yeo Seo-jeong, tun daga nasarorinta har ranar da ta zo ta bakwai.

Wasan nan gadonta ne. Mahaifinta, Yeo Hong-chul, shi ya ci azurfa a tsallen teburi a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. Ya kusa kai hannu ga zinare, amma da ya dira a tsallensa na biyu ƙafa ba ta tsaya ba, ya ja da baya, Alexei Nemov na Rasha ya wuce shi. An haifi 'yar a 2002, mahaifiyarta ma ta yi wa ƙasar wannan wasa. Tana 'yar shekara 16 ta ci zinare a gasar nahiyar Asiya a Jakarta, a 2018, abin da matan Koriya ta Kudu suka yi shekara 32 ba su gani ba a wannan fanni.

Ga wanda bai taɓa kallo ba, abin na ƙiftawa da bismillah ne. 'Yar wasa za ta sheƙo a guje ta kai mita 25, ta taka wani katako mai cilla mutum sama, ta dafa teburin da tsayinsa mita 1.25 ne da tafin hannu biyu, ta tashi ta wulwula a iska, sannan ta dira da ƙafa biyu. Taku ɗaya in ya kuɓuce bayan dirar, alƙalai sun yanke maki. A 2019, a tsibirin Jeju na Koriya ta Kudu, Yeo ta yi wani salon da ba macen da ta taɓa kammala shi a gasa: alkafura ta gaba, jiki a miƙe sambal, tana murɗawa sau biyu cur kafin ƙafa ta taɓa katifa. Hukumar wasan ta duniya ta sa wa salon sunanta. Uban ma yana da nasa mai suna Yeo 2, mai murɗa biyu da rabi.

Da wannan salon ta shiga wasan ƙarshe a gasar Olamfik ta Tokyo ranar 1 ga Agusta 2021, ta sami maki 15.333. A tsalle na biyu sai ga abin da ya sami uban ya so ya maimaita kansa, dirar ta kwashe ta ta yi baya. Allah ya sa makin farko ya riƙe ta, ta tashi da tagulla a bayan Rebeca Andrade ta Brazil da MyKayla Skinner ta Amurka. Ita ce macen Koriya ta Kudu ta farko da ta ci lambar Olamfik a wasan, kuma uban ne ke sharhi a talabijin ɗin ƙasarsu a lokacin, yana ihu don murna. A 2023 ta ƙara wata tagullar a gasar duniya a Antwerp, inda tawagar matan ƙasar ta sami gurbin Olamfik karon farko tun 1988.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai gasar Olamfik ta Paris ce, a 2024. Ana dab da wasan ƙarshe kafaɗarta ta goce a wajen atisaye. Wannan wasa kuwa hannu ne ke tunkuɗa jiki daga teburi, ba kafaɗa ba tashi. Duk da haka ta fito ta yi tsallenta biyu, ba wanda ya yi kyau, ta ƙare ta bakwai. Washegari sunan Simone Biles ta Amurka, wadda ta ci zinaren, kawai muka ji. Ba ina cewa a riƙa tura mai rauni fili ba ne, ko kusa, da 'yata ce da na roƙe ta ta haƙura. Sai dai Yeo baligar mace ce mai shekara 22 a lokacin, ita ta zaɓa, kuma mai sauraron da aka ce masa "ta bakwai" kawai bai san abin da ya faru ba.

In kun tashi shirin, ku haɗa da Uche Eke, ɗan Najeriya na farko da ya shiga wannan wasa a Olamfik, a Tokyon nan dai. Yaranmu da ke alkafura a kan yashi da tsohuwar taya ba su san wasan nasu yana da alƙalai da lambobi ba. Ku nemo mai horarwa ya yi bayanin yadda ake ba da maki, ko na minti goma ne.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronku,
daga Zariya